Yadda mai ƙaramar masana'anta zai gyara hayaƙinsa da ƙasarsa kafin NESREA ta zo da kwaɗo

Shekarun da na yi ina kula da wani injin casar shinkafa a bayan garin Kano, gaskiya ban taɓa sa maganar dokar muhalli a raina ba, sai ranar da wata baiwar Allah maƙwabciyarmu ta zo bakin get da sassafe riƙe da farar rigar makarantar ɗanta. Da daddare ta wanke ta shanya, gari ya waye rigar duk ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa mata garin gawayi. Bata ɗaga murya ba, tace min "Malam don Allah duba nan, wannan na jikin riga ne kake gani, to na ƙirjin yaron fa?" Yaron asma gare shi. Ɓuntun shinkafar da muke tarawa a bayan katanga muna cinna masa wuta da yamma, shi ne yake kwana yana ci a hankali yana turnuƙe unguwar. Wallahi ranar na kasa karyawa. Ba a jima ba kuma takarda ta zo daga hukuma, sai muka shiga gyara a guje, abin da da mun yi shi a natse da ko rabin kuɗin bai ci ba. Shi yasa nake rubuta wannan, don mai injin niƙa, mai narka roba, mai gidan burodi babba, mai jima, mai tara batir, kowa ya san ta inda zai fara.

Fara da sanin waye yake da iko a kanka, domin da yawanmu nan muke ruɗewa. NESREA ita ce hukumar tarayya mai tabbatar da an bi dokokin muhalli, an kafa ta a 2007, ta gaji aikin tsohuwar hukumar kare muhalli ta FEPA wadda aka kafa a 1988 bayan an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta a yanzu. A 2018 aka yi wa dokar NESREA gyara, aka ƙara mata ƙarfi, tarar ma aka ƙara mata nauyi, saboda haka in wani ya ce maka ai tarar ƴar kaɗan ce kamar yadda ya sani shekara goma sha biyar da suka wuce, kar ka biye masa. Harkar mai da gas ba tata bace, malalar ɗanyen mai wata hukumar ce daban mai suna NOSDRA take bi. Binciken da ake yi kafin a gina sabuwar masana'anta, wanda ake kira EIA, wannan kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take amincewa da shi a ƙarƙashin dokar 1992. Sannan ga jiha, a Kano akwai ma'aikatar muhalli da REMASAB masu kula da shara, a Kaduna akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar. Takardar jiha bata wanke ka a wajen tarayya, ta tarayya ma bata wanke ka a wajen jiha, na ga waɗanda suka ɗauka rasit ɗin kwashe shara ya ishe su komai, har aka zo aka nuna musu ba haka bane.

Na biyu, ka nemo dokar sana'arka ka karanta da kanka, ko ka sa ɗanka ko akawunka ya karanta maka a zaune. NESREA ba doka ɗaya gare ta ba, ƙa'idoji ne sama da talatin, kowane ɓangare da nasa. Masu abinci da abin sha akwai tasu da ta fara fitowa a 2009, masu fata da saƙa da takalmi akwai tasu ita ma 2009, ta roba da katifa ta fara fitowa a 2011, ƙone daji da ƙone shara a fili 2011, ƙarar injin ma tana da tata tun 2009. Ta ingancin iska ta fara fitowa a 2014 aka sabunta ta a 2021. Ta kayan lantarki an sabunta a 2022, ta batir kuwa ta fito a 2024. Duk suna shafin hukumar a intanet, kuma ofishinsu na jiha za su nuna maka wadda ta shafe ka in kaje ka tambaya. Abin da nake so ka lura shi ne shekarar da ke jikin takardar, domin akwai masu rubuta rahoto har yau suna kafa hujja da tsohuwar ta 2014, kai kuma ka biya kuɗi ka karɓa baka sani ba.

To amma kafin takarda, ka fita ka kalli wurinka da idon baƙo. Ni abin da na yi, bayan sallar asuba na zagaya bayan katangarmu da ƙafa, na bi ta layin da matar nan take, lokacin hunturu ne, sai naga hayaƙin bai tashi sama ba sam, ya kwanta ne a ƙasa kamar bargo daidai tsayin tagogin mutane. Haka sanyi yake yi, da daddare zuwa asuba iskar ƙasa tafi ta sama sanyi, sai ta danne hayaƙi ya kasa tashi, shi yasa ƙona abu da yamma a lokacin sanyi yafi kowane lokaci cutarwa, mu kuma daidai lokacin muke cinna wutar wai don kar a gani. Sannan ka san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, kaga waɗanda ke shaƙar hayaƙinka a watan Janairu ba su ne masu shaƙa a Agusta ba. Ka ɗauki takarda ka zana wurinka, ka sa alama duk inda hayaƙi ko ƙura ko wari ko ruwan datti yake fita, ka rubuta me ke kusa, gida ne, islamiyya ce, rijiya ce, gonar kayan miya ce. Wannan zanen na hannu ya fi mana amfani fiye da rahoto mai shafi ɗari da muka taɓa saya.

Janareta shi ne wanda kusan kowa yake da shi, don haka bari na daɗe a kansa. Tun 2023 NESREA ta ƙaddamar da shirin gwada hayaƙin janareta da na motoci, manufar ita ce a riƙa auna abin da injin ke fitarwa lokaci-lokaci ana ba da shaida, saboda haka in kana da babban janareta a masana'anta ka sa a ranka za a zo kansa ko yau ko gobe. Launin hayaƙin ma kawai yana gaya maka ciwon injin. In baƙi ne, man bai ƙone da kyau ba, ko filtar iska ta toshe wanda a hunturu cikin ƴan kwanaki take cika da ƙura, ko nozul sun lalace, ko ka ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. In shuɗi ne, baƙin mai yake sha, ringi sun tafi. In fari ne mai kauri bayan injin ya riga ya yi zafi, to ko ruwa na shiga ko man baya kamawa. Akwai kuma wanda mutane basu sani ba, babban injin dizal in kana tafiyar da shi da ɗan ƙaramin kaya kullum, shi ma yana tara datti a salansa ya riƙa zubo da baƙin ruwa mai maiƙo, saboda haka sayen wanda ya fi ƙarfin buƙatarka nesa ba dabara bace. Ka ɗaga bututun salansa ya wuce rufin ginin da ke kusa, bakinsa ya kalli sama, kar ya kalli katangar maƙwabci. Ka yi wa ɗakin janareta daɓen siminti da ɗan gefe mai tsayi yadda in mai ya zube ba zai gangara ƙasa ba. Kuma don girman Allah kar mai gadi ko wani yaro ya riƙa kwana a ɗakin ko kusa da shi don jin ɗumi, iskar da ke kashe mutane a barci bata da wari bata da launi, duk shekara muna jin labarin iyali guda sun kwanta basu tashi ba.

Sai tukunyar tururi ko tanda ko murhu, duk abin da kake hura wa wuta. Ka'idar a nan mai sauƙi ce, busasshen makamashi, isasshiyar iska, a zuba kaɗan-kaɗan. Ɓuntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kaga in kana casar buhu ɗari kana da nauyin buhu ashirin na ɓuntu da dole ka san inda zaka kai shi. Mu da muka daina ƙonawa a fili sai muka yi masa rumfa don kar ruwa ya jiƙa shi, wani muka mayar makamashin tukunya, wani masu kiwon kaji suka riƙa zuwa suna saya don shimfiɗa, abin da muke ƙonawa ashe kuɗi ne. A bakin bututun muka sa wani ƙarfe mai siffar mazurari da ke juya hayaƙi kamar guguwa sai toka mai nauyi ta faɗo ƙasa cikin durom, masu walda a Kano suna iya haɗa shi in aka ba su awo daidai. Amma ka sani shi manyan ƙwayoyi kawai yake kamawa, masu laushin sai buhunan tace ƙura ko na'urar da ke wanke hayaƙi da feshin ruwa, ita kuma ruwan da ta wanke ɗin sai ka san yadda zaka yi da shi, kar ka cire datti daga iska ka zuba a kwata. Tokar ma kar a bar ta a buɗe, a yayyafa mata ruwa a rufe, domin tokar ɓuntu yashi ne mai laushi, iska ɗaya zata kwashe ta zuwa cikin tukunyar mutane. Taya, leda, tsumma mai baƙin mai, tsohon takalmi, waɗannan kar su shiga wutarka ko da kyauta aka kawo maka, kuma masu babbaka a mahauta da taya su ma wannan maganar ta shafe su.

Yanzu maganar awo. Za ka riƙa jin ana cewa PM2.5 da PM10, ba wani abu bane illa ƙura da hayaƙi masu tsananin laushi, PM2.5 ɗin ta fi silin gashin kai siranta kusan sau talatin, ita ce take wuce hanci da maƙogwaro ta shige can cikin huhu har jini. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ƙara tsaurara shawararta, matsakaicin shekara ta rage daga 10 zuwa 5, na yini guda daga 25 zuwa 15, duk a ma'aunin maikurogiram cikin kubik mita ɗaya na iska. Wannan shawara ce ta lafiya, adadin da doka zata kama ka da shi yana cikin jadawalin da ke bayan ƙa'idar Najeriya ta 2021, shi zaka sa a buɗe maka ka gani. Abin da na koya da wahala shi ne, in za a auna maka a hunturu, ka dage a auna wuri biyu, ɓangaren da iska ke shigowa da ɓangaren da take fita bayan ta ratsa wurinka. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi shi kaɗai yana iya ɗaga awon sama sosai ko da injinka a kashe yake, to in ba a auna biyun ba ko dai a ɗora maka laifin hamada, ko kai ka ɓuya a bayanta. Kuma a auna lokacin da injin ke aiki sosai, ba ranar Juma'a da rana bayan an tashi ba. Rahoton da aka auna injin a kashe yaudarar kai ne, maƙwabta dai sun san abin da suke shaƙa.

Takardun da za a tambaye ka kusan guda nawa ne. In sabon gini ne ko faɗaɗawa babba, EIA tun kafin a sa bulo, akwai tantancewa da ma'aikatar ke yi ta ga girman aikin, manyan ayyuka har baje rahoton ake yi na kwana 21 na aiki don jama'a su gani su yi magana. In ka riga ka fara aiki, abin da ke kanka shi ne binciken muhalli na masana'anta da ake kira odit, duk bayan shekara uku, tare da tsarin da ka rubuta na yadda zaka kula da hayaƙi da shara da ruwan datti, sai famit na fitar da hayaƙi da na shara mai guba in sana'arka ta ƙunsa. Wanda zai yi maka odit dole ya kasance NESREA ta tantance shi, ka ce ya nuna maka satifiket ɗinsa ka duba ko bai ƙare ba. Mu mun taɓa faɗawa hannun wani, bai wuce minti arba'in a wurinmu ba, ko na'ura bai fito da ita daga mota ba, bayan sati biyu ya kawo littafi mai kyan bango, da na zauna karantawa sai naga a tsakiya ana maganar tankin jiƙa fata, mu da muke casar shinkafa. Na wani kamfani ya kwafo ya canja suna. Tun daga nan duk wanda zai yi mana aiki sai na bi shi ƙafa da ƙafa, na ga inda ya ɗauki samfur, na ɗauki hoto da waya, na karɓi sakamakon ɗakin gwaji na asali mai hatimi. Kuma in ma'aikatanka sun kai 50, dokar sauyin yanayi ta 2021 ta ce ka naɗa jami'in da zai riƙa kula da wannan ɓangaren yana ba da rahoto, da yawa basu san da wannan ba.

Bari na zo kan ƙasa, wadda ita ce aka fi mantawa saboda bata tashi sama kowa ya gani. Duk wanda yake Arewa ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, ana niƙa dutsen zinare a cikin gida ashe cike yake da dalma, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ƙasarsa take da guba, shi yasa sai da aka fara kankare ƙasar saman gidaje, aka kwashe aka binne a rami na musamman, aka kawo sabuwa mai tsabta aka shimfiɗa. Bagega sai 2013 aka samu aka gyara ta saboda jiran kuɗi, yara suna zaune a cikin gubar duk tsawon lokacin. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na kawo wannan ne saboda dalmar da ke cikin batirin mota da na sola ita ce dai wannan dalmar, kuma yanzu da sola ta cika gari, matattun batura sun cika shaguna da gidaje. Ƙa'idar 2024 ta zo ne a kan haka, mai shigo da batir da mai ƙera shi suna da alhakin inda zai ƙare, mai tarawa da mai narkawa sai da rajista, kuma a 2025 hukuma ta rufe wasu kamfanonin narka batir a Ogijo ta jihar Ogun. In kana tara batir, kar ka fasa, kar ka tsiyaye ruwansa a ƙasa ko a kwata, ka jera su a tsaye a kan daɓe ƙarƙashin rufi, ka sayar wa mai rajista ka karɓi takarda. Narka dalma a kasko a bayan gida kuwa, wannan kashe ƴaƴanka ne da na maƙwabta a hankali.

To in ƙasarka ta riga ta ɓaci ya za ka yi? Abu na farko ka tsayar da abin da ke zuba, ba a share ɗaki ana kan watsa ƙasa. Ka killace wurin, yara da awaki da kaji su daina shiga. Sannan a ɗauki samfur, ba daga wuri ɗaya ba, a raba filin gida-gida kamar dara, a ɗauka a sama a kuma haƙa a ɗauka a ƙasa don a san zurfin da abin ya kai, a ɗauko wani daga wuri mai tsabta nesa don kwatantawa, in akwai rijiya ko burtsatse kusa ita ma a ɗebi ruwanta. Daga sakamakon ne zaka san irin ciwon, domin magani ya bambanta. Mu namu baƙin mai ne da dizal a bayan ɗakin janareta, shekara da shekaru makanike yana juye mai yana zubarwa a gindin katanga, da muka sa diga sai da muka haƙa har gwiwa ƙasar tana fitowa baƙa tana ƙyalli tana wari. Irin wannan ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna iya cinye shi in aka taimaka musu, aka shimfiɗa ƙasar a kan daɓe ko leda mai kauri, aka gauraya da taki, ana juyawa ana ɗan yayyafa ruwa, wata da watanni, sai a sake gwadawa. Amma dalma da sinadarin kuromiyam na masu jima da sauran ƙarafa masu guba basa ruɓewa har abada, ko shekara ɗari suka yi suna nan, su sai dai a kwashe a kai inda hukuma ta amince, ko a rufe su ta yadda ruwa da iska ba za su kai gare su ba. Wannan ba aikin leburori da shebur kawai bane, sai da ƙwararre, kuma ka sanar da hukuma a rubuce kafin ka fara.

Wajen haƙar, a jiƙa ƙasa tukuna don kar ƙura ta tashi, masu aiki su sa takunkumi na gaske da safar hannu da takalmin roba, kar a ci abinci ko goro a wurin, su yi wanka su canja kaya kafin su tafi gida, domin kayan aikin uba su ne suke kai guba ɗakin jariri. Ƙasar da aka kwashe a rufe ta da tamfol, motar da zata ɗauka ita ma a rufe. Kuma ina roƙonka, kar ka ba mai tifa ya kai ta cikon kududdufi ko cikon fili, kar ka ba manomi wai taki, yau kududdufi ne gobe gidan wani ne da rijiyarsa. Wanda ya san yadda ruwan kogunan Salanta da Challawa a Kano suke canja launi daga masana'antun Sharada da Challawa, ko rafin Getsi da ke ɗauko na masana'antun Bompai ta haɗu da Jakara su gangara dam ɗin Wasai, kuma ya ga lambunan latas da kabeji da ake shayarwa a hanya, ya san abin da aka zubar a bayan katanga a faranti yake dawowa. Bayan an gama a sake ɗaukar samfur a gindin ramin da gefensa, sai ya fito da kyau sannan a cike da sabuwar ƙasa. In dalma ce, a gwada jinin ma'aikata da yaran da ke kusa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma daga maikurogiram 5 a cikin desilita ɗaya na jini ake fara neman inda take fitowa.

In kuma fili zaka saya ko zaka kama haya, musamman tsohon kamfanin fata ko garejin manyan motoci ko wurin ƴan gwangwan, ka gwada ƙasar kafin ka biya, ka sa sakamakon cikin yarjejeniya. Ƙa'idar ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara, amma in wancan ya tafi ba a san inda yake ba, kai da aka tarar a wurin kai za a fara tambaya. Gyaran ƙasa ba abu ne mai araha ba, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni cewa ya yi gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Ranar da jami'ai suka zo, ka karɓe su da mutunci, ka nemi katin shaida ka rubuta sunaye da ofishin da suka fito, domin akwai ƴan damfara masu yawo da riga mai tambari. Ka zagaya da su da kanka, kar ka ɓoye wani lungu, sun saba gani. Duk abin da suka ce a gyara ka ce a baka a rubuce da wa'adi, kai ma ka mayar da amsa a rubuce, ka ce wannan zan gama a sati biyu, wannan sai wata uku saboda sai an haɗo ƙarfe, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Yawanci ana fara ba da takardar gargaɗi kafin a kai ga rufewa, wanda ake sa wa kwaɗo galibi shi ne wanda ya yi banza da takardu, sai dai in abin ya kai barazana ga rai nan take. Kuɗi kuwa ta hanyar biyan gwamnati kawai, da rasit, na goro a ambulan ba ya hana wata tawagar zuwa bayan wata shida, hayaƙin kuma yana nan yana shiga ƙirjin mutane.

Ka sayi fayil guda mai kauri da littafi irin na rajista. A fayil ɗin famit, odit, sakamakon gwaji, rasit na masu kwashe shara da baƙin mai da batir. A littafin kuma ranar da aka yi wa janareta sabis, ranar da aka canja filta, ranar da aka kwashe toka, da duk ƙorafin da maƙwabci ya kawo da abin da aka yi a kai. Mu mun je wajen mai unguwa da limamin masallacin layin muka ce duk wanda ya ga hayaƙi ko ya ji wari ya zo kai tsaye ko ya aiko yaro, kuma mun sa wa mai gadi doka kar ya kori kowa. A bangon ofis na rubuta ranar da kowace takarda zata ƙare, ina fara neman sabuntawa wata uku kafin lokacin.

Dokokin nan suna canjawa, don haka ko sau biyu a shekara ka leƙa shafin NESREA ko ka je ofishinsu, in kana cikin ƙungiya irin MAN ta masu masana'antu ko KACCIMA ta ƴan kasuwar Kano ko ta masu sana'arku ka riƙa zuwa taro, can ake fara jin abin da ke tafe. In wani ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa an fito da sabuwar doka ka biya kaza, ka tambaye shi sunan ƙa'idar da shekararta da lambar gazet ɗin da ta fito a ciki, sannan ka kai wa ofishin hukumar su tabbatar maka kafin ka fitar da ko sisi.